Shekara Uku, In Ji Mutanen Bearsden

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku ajiye abin da kuke yi, don yau bakina cike yake. Ga waɗanda suka shigo yanzu, ni ce Nadine McGarrigle, 'yar Shettleston, unguwar talakawa a Glasgow, gaba da baya, mai gyaran farce a ɗan shagon nan na kusa da tashar jirgin ƙasa. Shekarata ashirin da shida, kuma ni kaɗai iyayena suka haifa. Tun makon jiya hannuna na hagu ya manta hanyar aljihu. Ko burodi zan miƙa wa mutum da hagu nake miƙawa, in ɗan karkata yatsa yadda haske zai faɗa a kai. Eh, zoben baiko ne. Struan ya tambaya ko zan aure shi, ni kuwa na amsa tun bai kai rabin tambayar ba, har sai da ya roƙe ni in bari ya ƙarasa, wai ya sha wahalar haddacewa.

Struan Kinnaird ke nan, ɗan Bearsden, unguwar masu kuɗi, mai zanen gadoji, dogo, kunnuwansa na yin ja da zarar ya ji kunya. Da ba don barci ba da ba mu haɗu ba. Barci ne ya kwashe shi a jirgi, ya wuce da shi tsakiyar gari, ya sauke shi a tasharmu. Ya fito yana waige-waige da matacciyar waya a hannu, ya shigo shagonmu neman caji. Ya samu caji, ya samu shayi, ya same ni.

Ranar da na kai zoben gida, Mama ta yi kuka, ta yi dariya, ta juya yatsana ta ko'ina kamar mai sayen doya. Tana share hanci ta ce, "To, yaushe?"

"Mama, zoben ko ɗumi bai yi a hannuna ba."

"Ya yi ɗumin a coci. Na ce yaushe?"

Kafin in cire takalmi saƙon ƙanwarta Anti Mena ya shigo: "Na yi wa Fada, limamin cocinmu, magana. Zauren coci babu kowa a watan Satumba. Ki gaya wa dogon nan ya shirya." Ban gama karantawa ba wani ya biyo: "Kuma kada ki sa min shuɗi a ankon, yana sa ni kama da gawa."

Na san abin da ke ranku. Kuna cewa matan nan sun ƙosa su rabu da ni, ko kuma akwai abin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin riga. Babu ko ɗaya. Ku zo falonmu ku dubi bangon da ke saman talabijin, inda muke rataye hotuna don su rufe tabon danshi. Ga kakana na wajen uba, ga na wajen uwa, ga ƙannen Baba biyu, ga mijin Anti Mena. Duk suna dariya, duk riƙe da kofi, kuma babu ko ɗaya da furfura ta gama cin kansa. A gidanmu namiji bai taɓa ganin sittin ba. Ba a gidanmu kaɗai ba, a layinmu ma haka ne. Shi ya sa in namiji ya cika hamsin muke yi masa bikin da ya fi na aure, a kama zaure, a kira makaɗa, a yi rawa har ƙafa ta kumbura. Ba wanda ke faɗin dalili, kowa dai ya zo da kyamara.

Babana Dessie ya yi nasa bikin shekara huɗu da suka wuce. Tun yana ɗan sha shida yake rushe tsofaffin gine-gine, ya shaƙi ƙurar rabin Glasgow, ya dawo ya kwana a ɗakin da bangonsa ke tsatsafo. Yanzu yana yawo da 'yar robar shaƙa mai shuɗi, irin ta masu asma, a aljihu, yana kiranta amaryarsa. In Mama ta ce ya je asibitin unguwa sai ya ce ya kira, layi ya cika, gobe zai sake. Goben nan ta kusa shekara ba ta waye ba.

Amma ni a makon nan wa ya ga ta tunani? Iska nake takawa. Mahaifiyar Struan ta gayyace mu cin abincin rana ranar Lahadi, karon farko da iyaye za su ga juna, kuma abin da ya dame ni duk duniya shi ne me zan sa.

Na fara da jar riga, na ga kamar zan je neman rigima. Na sa baƙa, Mama ta ce wa ya mutu. Na ƙare a koriya mai dogon hannu da siririn ɗamara, wadda ke rufe gwiwa in ban yi dariya da ƙarfi ba. Na cire dogayen farcena masu duwatsu, na shafa ruwan hoda mai sanyi irin na matan da ba su taɓa wanke tukunya ba. Gashin ido ma na sa gajere. Na ɗauki hoto na tura wa Struan.

"Na yi kama da matar kirki?"

"Kin yi kama da wadda za ta sa in sake wuce tashata."

"Da gaske nake. Mamanka fa."

"Mama tun jiya take goge cokula. Ta fi ki tsoro. Kuma tana da albishir."

"Wane iri?"

"In na faɗa ta kashe ni."

Na rungume wayar na yi juyi a tsakar ɗaki har na buge ƙafa da gado. Mama ta fito cikin jaket ɗinta mai zanen damisa, da 'yan kunne har kafaɗa, da turaren da ke shiga ɗaki kafin ita. Na buɗe baki, ta ɗaga min yatsa.

"Kul. Ba roƙo za ni ba, 'ya zan ba su."

Sai ga Baba cikin baƙin kwat ɗinsa, ya taje gashi da ruwa. Mama ta dafe ƙirji.

"Dessie, kwat ɗin jana'iza? Gidan surukai?"

"Shi kaɗai ke gare ni, Senga. Kuma ya gaji da kuka, yau ya je ya ci abinci mai kyau." Ya juyo gare ni ya buɗe hannuwa. "'Yar Baba, ya kika gani?"

Wuyan rigar ya yi masa yawa, kafaɗun kwat ɗin sun ɗan zubo. Na gani sarai. Na ce masa ya fi ango kyau, na gyara masa kwala, muka fita.

Jirgi ɗaya ne daga ƙofarmu zuwa tasu, ko canji babu. Mama ta riƙe kwalin kek a cinya tamkar jariri, Baba yana nuna mana ta taga wuraren da ya rushe. "Nan ni ne. Can ma ni ne. Wancan filin da kuke gani, da makaranta ce." Sannu a hankali shagunan caca da na soyayyen kifi suka ƙare, itatuwa suka fara yawa, har karnukan da ake ja a bakin titi suka fara kama da masu albashi.

Daga tasha zuwa gidansu Struan hawa ne, ba wani mai tsanani ba. Ba mu yi nisa ba Baba ya tsaya, ya sa hannu a ƙugu.

"Ku dubi wannan itace. Kai, an iya shuka a nan."

Muka dubi itace. Muka ɗan ci gaba, ya sake tsayawa yaba wata ƙofa. Can gaba kuma wata mage ce a kan katanga ta burge shi. Na san wannan dabarar, ya daɗe yana yi mana ita. Babana bai taɓa cewa numfashinsa ya ƙare ba, sai dai ya ga abin sha'awa. Ni da Mama muka tsaya muna yaba magen nan da gaske, har ya gama.

Gidan dutse ne, da tsakuwa a farfajiya mai ƙara in an taka. A gefen shinge wani mutum ne a can saman tsani, da gajeren wando da ƙaton almakashi, yana aski wa ganye. Yana ganinmu ya sauko da sauri, matakin ƙarshe ma tsallake shi ya yi. Mama ta gyara jaket, ta saki muryarta ta zuwa banki.

"Ina wuni. Kai ne mahaifin Struan, ko? Ga kamar nan."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe tsani. "Allah ya yi miki albarka, yarinya. Mahaifinsa yana Faransa tseren keke. Ni kakansa ne, Murdo. Tamanin da shida a watan jiya."

Mama ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta matso kunnena, da raɗar da ake ji a tsallaken titi, ta ce, "Ƙarya yake."

Ban gama cizon leɓe ba ƙofa ta buɗe. Elspeth, mahaifiyar Struan, siririya cikin rigar ulu mai launin toka da sarƙar lu'ulu'u, tana ƙamshin sabulu kawai. Ta rungume ni, ta rungume damisar Mama ba tare da ta ƙifta ido ba, sannan ta kama hannun Baba da hannu biyu, ta ɗan rusuna, ta ɗaga murya yadda ake yi wa wanda kunnensa ya yi nauyi.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Struan bai gaya min har da kakan Nadine za a zo ba. Mahaifinta yana tafe ne?"

'Yan uwa, tsakuwar farfajiyar nan ma shiru ta yi. Kunnuwan Struan suka kama da wuta. Ni kuwa na nemi ƙasa ta tsage ban samu ba.

Baba ya ce, "Yana tafe, ranki ya daɗe. Ga shi ma ya iso. Hawan ne ya tsofar da shi a hanya."

Elspeth ta rufe baki da hannu, fuskarta ta yi jawur, ta shiga ba da haƙuri har tana haɗa kalmomi. Mama ta ce kada ta damu, ai an yi canjaras, ita ma yanzu ta mai da tsoho yaro. Aka fashe da dariya gaba ɗaya, har da ni, har hawaye ya so ɓata min kwalliya. A lokacin na ɗauka abin dariya ne kawai.

Ku bar ni in ba ku labarin gidan nan. Bango a bushe, ko'ina. Na shafa da hannuna a ɓoye don in tabbatar. Su ma suna da bangon hotuna, amma nasu duk fararen kawuna ne, tsofaffi a kan duwatsu, tsofaffi a cikin kwalekwale, wata tsohuwa tana hura kyandir a kan kek ɗin da ya kusa kamawa da wuta. Teburin cin abinci ya fi ɗakina tsawo. Aka kawo miyar ganye, aka kawo jan kifi gasasshe da ɗanyen ganye da wasu 'ya'yan itatuwa da aka barbaɗa a kai. Baba ya duba hagu ya duba dama.

"Gishirin ya tafi Faransa shi ma?"

"Ai mun daina ajiye shi a tebur tun Struan yana goye," in ji Elspeth. "Saboda zuciya. Kana iyo kuwa? Baba Murdo kullum da safe sai ya yi. Yana buɗe ƙirji sosai."

"Wurin iyon unguwarmu ni na rushe shi," Baba ya ce yana murmushi. "Aiki mai kyau kuwa, ko bulo ɗaya ban bari ba."

Wayata ta yi motsi a cinya. Struan ne, daga tsallaken tebur: "Babanki ya fi kowa a gidan nan." Na mayar masa: "Ka daina kallona haka, Mama na gani." Ya rubuto: "Ta gani." Na sa ƙafa na taka tasa a ƙarƙashin tebur, ashe ta Kaka Murdo ce. Tsohon ya ɗaga gira ya ce rabon da a yi masa haka tun kafin a haifi uwata.

Bayan an kwashe faranti Elspeth ta tafa hannu a hankali, ta ɗauko kwamfutar hannu ta ajiye a gabana.

"Ga albishir ɗin. A nan aka ɗaura aurena. A nan aka ɗaura na Baba Murdo. Na kira su tun ranar da Struan ya sayi zobe."

Wayyo ni. Tsohon gidan sarauta ne a bakin tafki, da matakala mai faɗi wadda amarya ke saukowa a kai, da fitilu na zubowa daga rufi, da ciyawa har bakin ruwa. Na ga kaina a saman matakalar nan da jelar riga tana bina. Na ga 'yan shagonmu suna suma ɗaya bayan ɗaya. Na ga Anti Mena ta rasa abin kushewa karon farko a rayuwarta. Ni da ban taɓa wuce zauren coci mai warin dafaffen kabeji ba.

"Layi gare su, ba kaɗan ba," Elspeth ta ci gaba. "Amma sun ba mu Asabar ɗaya a watan Yuni, shekara uku masu zuwa. Sun riƙe mana zuwa yau. Shekara uku ba nisa, kafin a gama zaɓen furanni ta zo. Mu ma bikin cikar Baba Murdo casa'in mun riga mun kama wuri."

"Na yarda," na ce. Ni ce na faɗa, da bakina, har da ɗan tsalle a kujera. "Wallahi na yarda."

Sai na ji cokalin Mama ya sauka a kan faranti. Ba da ƙarfi ba. Ta buɗe baki, Baba ya ɗora hannu a kan nata.

"Ya yi kyau," ya ce. "Wuri ne na 'yar sarki. A bar shi haka."

"Dessie."

"Senga, na ce ya yi kyau."

Mama ta mai da bakinta ta rufe, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haife ni. Abin ya ɗan tsaya min a rai, amma Struan ya riga ya zagayo yana nuna min ɗakin rawa, sai na bi hoto na manta. Kaka Murdo ya ce wa Baba ya zo ya ga tumatirinsa, suka fita ta ƙofar baya. Mama ta ce za ta taya wanke-wanke, aka nuna mata inji ne ke yi, ta tsaya tana kallonsa kamar ya zage ta.

Can Elspeth ta haɗa shayi kofi biyu a tire ta ce in kai wa maza. Na ɗauka ina rangwaɗa, ina gwada tafiyar saukowa daga matakala a kan ciyawar mutane. Ɗakin gilashin da ake shuka tumatirin yana can ƙarshen lambu, ƙofarsa a buɗe, ganyen tumatir ya rufe ni daga ganinsu. Na ji ƙarar robar shaƙar Baba, sannan muryarsa.

"Dattijo, ina da roƙo. Kada ka yi dariya."

"Ina jinka."

"Ranar bikin nan, in ba na nan, kai za ka riƙe mata hannu ka shigar da ita wurin ɗaurin aure a madadina."

Na tsaya cak. Shayin ya ɗan zube a tire.

"Ina za ka?" in ji Kaka Murdo.

"Inda mazan layinmu ke zuwa."

Tsohon ya yi 'yar dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya daina. "Yaro, na ba ka shekara talatin da wani abu. Ni ya kamata in roƙe ka ka ɗauki akwatin gawata."

"Na ga yadda ka sauko daga tsanin nan. Ka kuma ga yadda na hawo titinku. Tsakanina da kai, in caca ce, ba a kaina zan sa ba."

"Ba ka da ƙane?"

"Biyu. Na binne su."

"Abokai fa?"

"Waɗanda suka rage, ni ne mai lafiyar cikinsu."

Ina jin ƙudan zuma na bugun gilashi.

"Me likita ya ce?"

"Bai ce komai ba, don ban ba shi dama ba. Mu ba ma zuwa da ƙafarmu, Dattijo, sai an ɗauke mu. In na je yanzu ya faɗi abin da na riga na sani, wa ya amfana? A ɓata wa yarinya farin cikinta a banza."

"Wannan wauta ce. Ina da aboki likitan ƙirji, gobe in na kira shi..."

"Ka ga bambancin ke nan. Kai abokinka likitan ƙirji ne. Ni abokina mai haƙa kabari ne, kuma yana yi min ragi." Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya daɗe. Na ƙanƙame tire har yatsuna suka yi fari.

Da ya lafa, Kaka Murdo ya ce, "To a matso da ranar mana. Magana ɗaya ce. Elspeth ba muguwa ba ce, ba ta sani ba ne kawai."

"A'a. Ka ga fuskarta da aka nuna mata wurin nan? Mu komai namu da gudu ake yi. Ni da uwarta cikin sati biyu aka ɗaura mana, da rigar aro, don mahaifin Senga yana kwance ana jira. Har yau in ta ga amarya a talabijin sai ta canza tasha. Yarinyar nan tunda take ba ta taɓa samun abin da za ta zauna ta jira da daɗin rai ba. Ku kun saba, kuna shirya abin shekara goma kuna barci lafiya. Ina so ita ma ta ɗanɗana. Ba zan sa ta yi aure da gudu saboda huhuna ba."

"In ta tambaye ni fa?"

"Ba za ta tambaya ba. Kai dai ka sa kilt ɗinka, siket ɗin nan na gargajiya, ka tafi a hankali, don in tana murna sauri take yi, sai ta taka rigarta. Kuma tana kuka da hanci, ka riƙe hankici biyu."

Abin da ya fi ci min rai, 'yan uwa, ba roƙon ba ne. Jira nake a ƙarshe tsohon nan ya ce haba, ya ce wane irin zance ne wannan, ya kore maganar da dariya. Bai yi ba. Ta tsakanin ganye na ga ya dubi Baba sosai, irin kallon da Mama ke yi wa nama a kasuwa, ya dubi wuyan rigar, ya dubi kafaɗun. Mutum mai shekara tamanin da shida ya auna babana mai hamsin da huɗu, ya ga lissafin ya fita. Ya goge hannunsa a wando ya miƙa masa.

"To. Na karɓa."

Ban san yadda na koma ba. Na dai tsinci kaina a kicin na ajiye tire da shayin a ciki, na tsaya gaban famfo ina ƙifta ido da sauri don kada gajeren gashin idon nan ya tona min asiri. Raina ya ɓaci da Baba, ya ɓaci da gidan nan mai busasshen bango, ya fi ɓaci da ni da na yi tsalle a kujera. Kuma duk da haka, ku ji rashin kunya irin tawa, matakalar nan ba ta fita daga idona ba. Ina sonta. Ina sonta har yanzu da nake ba ku labari.

A ɗakin cin abinci Elspeth ta buɗe shafin da ake tabbatar da rana, Struan na tsaye a bayanta yana murmushi har kunne. Mama tana can ƙarshen tebur ta yanka kek ɗinta, ba ta ci ba, ba ta ba kowa ba. Ta dube ni sau ɗaya ta gane na ji wani abu.

"Ga amarya," in ji Elspeth. "Dannawa ɗaya ya rage. Na ce a jira ki."

Na zauna. Na sa waya a ƙarƙashin tebur, na rubuta wa Struan: "Bana. Kafin sanyi ya shigo. Zauren coci, ko da warin kabejinsa. Kada ka tambaye ni dalili a gabansu. In sai nan da shekara uku, ka nemi wata amaryar."

Na ji wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro yana murmushi, a zatonsa wata tsokanar ce. Na ga murmushin ya tsaya. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ɗago ya dube ni, kunnuwan nan da ke ja suka yi fari fat. Daga matakalar nan kakarsa ta sauko tana amarya, nan uwarsa ta sauko, tun yana yaro ake gaya masa nan tasa za ta sauko.

"In danna?" Elspeth ta tambaya, yatsanta a sama.

Daidai nan ƙofar baya ta buɗe. Baba ya shigo da jan tumatir a kowane hannu, ya ɗan jingina da bango kamar mai yaba fenti, fuskarsa cike da fara'a.

"Danna mana, ranki ya daɗe," ya ce. "Me ake jira? Ai muna da lokaci."

Struan ya dubi Baba, ya dube ni. Sannan ya sunkuya a hankali ya ɗora hannunsa a kan na mahaifiyarsa. Na rantse muku, 'yan uwa, na san mutumin nan ciki da waje, amma a wannan lokacin ban san ko janye yatsan zai yi ba, ko taya shi dannawa.